Baƙin fangas daga ƙafar manomi: sabon jinsi ne, ko gane shi ne ba mu yi ba?

Tambaya, daga wani ma'aikacin lab a wani asibitin ƙaramar hukuma da ke yankin Haɗeja: Assalamu alaikum. An kawo mana wani manomin shinkafa, ƙafarsa ta dama ta kusa shekara uku a kumbure. Ba ta yi masa ciwo sosai, amma ta yi ƙofofi tana fitar da ruwa da wasu baƙaƙen ƙwayoyi kamar habbatus sauda. Na shuka ƙwayoyin a kan agar Sabouraud, wato daskararren abincin da ake shuka fangas a kai, bayan kwana 12 wani abu ya tsiro, ruwan ƙasa, har ya rina agar ɗin. A maikuroskof zare kawai nake gani, babu iri (wato ƙwayoyin haihuwar fangas) ko ɗaya, kuma bai yi kama da ko ɗaya daga hotunan littafin da muke da shi ba. Anya ba sabon fangas ba ne? In sabo ne, yaya ake tabbatarwa har a raɗa masa suna?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sannu da ƙoƙari, domin ba kowa ne zai haƙura ya jira faranti kwana 12 ba.

Abin da ka kwatanta, kumburi mai daɗewa da ƙofofi da ƙwayoyi, shi ne maisitoma, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi a 2016. Ta fatar da ƙaya ko kara ya huda take shiga, shi ya sa ta fi kama manoma da makiyaya masu tafiya ba takalmi. A ƙauye sau da yawa ana ɗaukarta tundurmi ne, ko a ce jifa aka yi wa mutum, sai ta ci ƙashi sannan a zo asibiti. Baƙar ƙwaya kuwa ta fangas ce. Ja ta bakteriya ce, fara ko rawaya kuma tana iya zama ta kowanne.

Zancen sabon jinsi kuma, a yi hattara kada a riga malam masallaci. Madurella mycetomatis, wanda shi ya fi jawo baƙar ƙwaya a Sudan da sauran yankin Sahel, ainihin halinsa ke nan a kan Sabouraud: ya tsiro a hankali, ya rina agar ruwan ƙasa, ya ƙi yin iri. Littafin da ke hannunka da siffar iri yake rarrabe fangas, to wanda bai yi iri ba ina littafi zai kai ka? Saboda haka abin da ke farantinka a yau sunansa "wanda ba a gane ba tukuna". Zai iya zama sabo, ba a musu, tunda jinsunan fangas da aka raɗa wa suna wajen 150,000 ne kawai, alhali ƙiyasin da masana suka yi a 2017 ya ce akwai tsakanin miliyan 2.2 da 3.8. Amma maikuroskof ba zai yanke wannan hukunci ba.

Kafin komai, mara lafiya ba zai zauna jiran suna ba. A tura shi inda za a ɗauki hoton ƙashin ƙafar kuma akwai likitan fiɗa, a Dutse ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Maganin da aka saba bayarwa shi ne itraconazole, miligiram 200 safe da yamma, a sha kafso ɗin bayan an ci abinci, watanni kafin a yi aiki da kuma bayan an yi. Likita zai duba hanta, ya tambaya ko yana shan rifampicin na tarin fuka, domin yana karya ƙarfin maganin, haka ma magungunan gyambon ciki masu rage tsamin ciki suna hana jiki tsotse shi.

Aikinka na farko shi ne tabbatar da cewa abin da ya tsiro daga cikin ƙafar ya fito, ba daga iskar ɗaki ko fatar sama ba. A nan ne yawancin "sababbin jinsuna" suke mutuwa. Ƙurar hunturu cike take da irin Aspergillus da Cladosporium da Curvularia, kuma ƙwayar da ta fito da kanta ta bakin ƙofa sau da yawa ta riga ta mutu, ga bakteriya sun lulluɓe ta. Wadda ake so ita ce wadda likita ya ciro daga can ciki lokacin yankan tsoka don gwaji. Ka je ɗakin tiyata da kwalba biyu a hannunka: ɗaya mai ruwan gishirin asibiti wanda aka kashe wa ƙwayoyin cuta, don shuka, ɗaya mai fomalin kashi 10 cikin ɗari, don masu duba tsoka. In aka bar wa ma'aikatan tiyata zaɓi, duka za su jefa cikin fomalin saboda haka suka saba, kuma abin da ya shiga fomalin ba zai sake tsirowa ba har abada, DNA ɗinsa ma ya kakkarye.

Ka wanke ƙwayoyin sau uku a ruwan gishiri, kowane wanki a sabon mazubi. Ka ɗauki ɗaya ka sa a gilashi da ɗigon KOH kashi 10, sinadarin da ke narkar da tsoka ya bar zaren fangas, ka danne da wani gilashin. Ta Madurella tauri gare ta, za ka ji tana ƙaras kamar ka murƙushe gawayi. A ƙarƙashin maikuroskof za ka ga zare mai kauri, faɗinsa maikuron 2 zuwa 5, mai gaɓoɓi kamar na rake, da wasu kumburarrun ƙwayoyi a gefe. Zaren bakteriyar da ke jawo ɗaya nau'in maisitoma bai wuce maikuron 1 ba, kuma yana kama rinin Gram. Sauran ƙwayoyin, biyar zuwa goma, ka shuka su ɗai-ɗai a kwalabe daban-daban na Sabouraud mai chloramphenicol, maganin hana bakteriya tsirowa, miligiram 50 a lita. Kada ka dogara da agar mai cycloheximide, maganin hana fangas na iska tsirowa, kaɗai, yana hana wasu masu jawo cutar tsirowa. Ka bar su mako shida kafin ka ce babu komai.

Shaidar da za ta gamsar da kowa ita ce a ga abu iri ɗaya ya tsiro daga ƙwayoyi da yawa, daga jikin ƙwayar kanta ba daga gefen faranti ba, sannan masu duba tsoka su ga zare mai irin wannan kauri da launi a rinin PAS ko GMS, masu fito da fangas a cikin tsoka. Wanda ya cika faranti cikin kwana uku, baƙo ne daga iska sai an tabbatar da akasin haka.

Akwai wata matsala da littattafan waje ba sa faɗa. In suka ce a ajiye a "zafin ɗaki", digiri 25 ko ƙasa da haka suke nufi. Ɗakin lab a Haɗeja ko Gumel a watan Afrilu yana iya kusantar 40, kuma inkubetar da yawancinmu ke da ita ɗumamawa kawai take yi, ba ta sanyayawa. Ka ce ka shuka a 28 alhali a 39 abin ya kwana, duk ma'aunin da ka rubuta ya zama banza, wani jinsin ma ba zai tsiro ba sam. In babu mai sanyayawa, dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ya ci kyautar Rolex a 2000, tana sauke zafi sosai a lokacin rani. Da damina ba ta yi kamar haka, saboda iska ta riga ta jiƙe. Ko ta wace hanya ka bi, ka ajiye ma'aunin zafi a ciki, ka rubuta abin da ya nuna safe da la'asar.

Da zarar ka sami tsiro mai tsabta, ka adana shi kafin ka ci gaba da kowane gwaji. Hanya mafi sauƙi, wadda ba ruwanta da ɗaukewar wuta, ita ce ta Castellani ta 1939: ka yanko ƙananan gutsattsari kamar milimita 5 daga bakin tsiron, inda yake sabo, ka zuba biyar ko shida a ƙaramar kwalba mai murfin murɗawa da ke ɗauke da tataccen ruwa wanda ya shiga otokilef, tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyin cuta, ka rufe gam, ka ajiye a inuwa. Yawancin fangas suna yin shekaru a haka. Ka yi aƙalla kwalba uku, ka raba musu wurin ajiya. Yawan dashe daga faranti zuwa faranti kowane wata yana sa tsiro ya lalace ya canja kama, kuma kowane buɗewa ƙofa ce ga gurɓata. Ka naɗe bakin farantai da salatif saboda wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari da ke bin agar, suna ɗauko irin wannan faranti su kai wancan. In ka ga siririn layin tsiro yana karkacewa a kan agar kamar sawun tururuwa, su ne.

Sai rubuta siffa. Ka dasa a tsakiyar faranti, ka auna faɗin tsiron da rula a kwana 7, 14 da 21, a zafin 25, 30, 37 da 40 gwargwadon abin da za ka iya samarwa. Ka rubuta launin sama da na ƙasan faranti, ko yana da kunya-kunya kamar gona ko shafe yake, ko launi ya malala cikin agar. Ka ɗauki hoto da rula a gefe.

Don ya yi iri, yunwa za ka sa masa. Sabouraud na da sukari giram 40 a lita, fangas ya ƙoshi, ba abin da zai sa ya damu da haihuwa. Ka haɗa agar dankali da karas: dankalin Turawa giram 20, karas giram 20, a goge a tafasa a lita ɗaya ta ruwa, a tace, a zuba agar giram 15, a cika ruwan ya koma lita, a sa a otokilef a 121 na minti 15. Ka dasa ka jira mako uku zuwa huɗu. A irin wannan agar M. mycetomatis wani lokaci yakan fitar da 'yan ƙananan iri a bakin wasu rassa masu siffar kwalba, wasu danginsa kuma su yi baƙaƙen ƙulluka masu iri a ciki. Don ganin yadda iri ke manne da zare ba tare da ka wargaza shi ba, ka yanko agar murabba'in santimita 1 ka ɗora a gilashi, ka shafa tsiron a gefuna huɗu, ka rufe da siririn gilashi, ka ajiye cikin faranti mai jiƙaƙƙiyar auduga, bayan kwanaki ka ɗaga siririn gilashin ka sa a ɗigon shuɗin rinin laktofenol.

Gargaɗi ɗaya a nan, ba don wannan samfurin kaɗai ba. Kada ka shinshina faranti. Kuma farin tsiro mai laushi kamar auduga, mai jinkirin girma, daga ƙurjin fata ko ƙashi ko daga mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, kada a yi masa wannan shuka ta gilashi a kan tebur. Yana iya zama Histoplasma, wanda ake da nau'insa na Afirka, duboisii, a Najeriya, kuma shaƙar irinsa ce ke sa cutar. Irin wannan sai cikin akwatin kariya mai zuƙe iska.

Ko ya yi iri ko bai yi ba, hukunci yana wajen DNA. Tun 2012 aka amince da wani yanki da ake kira ITS a matsayin lambar shaidar fangas, tsawonsa haruffa 500 zuwa 700 a yawancinsu, kuma da firaima, wato guntayen DNA masu nuna farko da ƙarshen yankin, ITS1 ko ITS5 haɗe da ITS4, ake kwafo shi a PCR, gwajin da ke ninka DNA. Wannan sai jami'a ko babbar cibiyar bincike. Abin da ya kamata ka gaya musu shi ne baƙin fangas ne. Bangon zarensa tauri gare shi, sai an farfasa da ƙananan duwatsun gilashi, kuma sinadarin da ke ba shi baƙi, melanin, yana hana PCR aiki. In ba a ga komai a jel ɗin da ake duba sakamakon PCR ba, kafin a ce babu DNA a tsarma shi kashi ɗaya cikin goma, ko a ƙara BSA, wani furotin da ke rage wannan cikas, a sake. A ɗebo daga tsiro mai ƙuruciya wanda bai gama yin baƙi ba. A karanta jerin haruffan ta gaba da ta baya, a haɗa, a yanke bakunan da ba su fito sosai ba. In hoton karatun ya nuna tsaunuka biyu a kan juna, tsiron gauraye ne, sai a koma a tsarkake shi daga kan zare guda.

Daga nan a sa jerin a BLAST, manhajar da ke kwatanta shi da waɗanda ke GenBank, babban rumbun jerin DNA na intanet, kuma a nan mutane suka fi ruɗuwa. GenBank kowa na iya zuba jeri ya sa masa sunan da ya ga dama, akwai masu sunan kuskure da yawa. Layin farko da ya fito da kashi 99 ba hujja ba ne. A zaɓi a kwatanta da jerin da aka samo daga samfurin asali kaɗai, wato wanda aka raɗa sunan a kansa, a kuma duba ko kwatancin ya rufe kusan duk tsawon jerin, sannan a sake dubawa a rumbun ISHAM ko UNITE. In ya dace da asalin M. mycetomatis ɗari bisa ɗari ko da bambancin harafi ɗaya ko biyu, magana ta ƙare, kuma ba ƙaramin sakamako ba ne, ya cancanci a rubuta. In ya tsaya a 96 ko 97, kana da dalilin ci gaba. Babu wata lamba guda da ta raba jinsi da jinsi a duk fangas. A Aspergillus da Fusarium, jinsuna daban-daban kan zo da ITS iri ɗaya sak, kama da wane ba ta wane. Shi ya sa ake ƙara wasu yankuna: beta-tubulin da calmodulin ga Aspergillus, TEF1 da RPB2 ga Fusarium, LSU da beta-tubulin da RPB2 ga dangin Madurella.

Kowane yanki a zana masa bishiyar zuriya shi kaɗai, tare da jerin asalin duk jinsunan da ke kusa, sannan a haɗa su a zana guda. Abin da ake nema shi ne samfurinka ya ware reshensa a kowace bishiya, da goyon bayan lissafi, wato ƙarfin tabbacin reshen, da bai gaza 70 cikin ɗari ba. In wannan yanki ya ce shi kaɗai ne, wancan ya cusa shi cikin wani sanannen jinsi, to bambanci ne na cikin gida. Kuma masu tace muƙala ba sa son jinsin da aka gina a kan samfuri ɗaya tak. Ka sa ido, duk mai baƙar ƙwaya da ya zo daga wannan fadama a shuka nasa a adana.

Haka aka gano Madurella fahalii da Madurella tropicana a 2012: samfura ne marasa iri da ido zai ce M. mycetomatis ne, DNA ta raba su. Na farkon an sa masa sunan Farfesa Ahmed Fahal na cibiyar binciken maisitoma ta Khartum, kuma an sami rahoton cewa ba ya jin itraconazole kamar ɗan'uwansa, ka ga ke nan rarrabewar ba ta masana kaɗai ba ce, ta shafi ƙafar mara lafiya. Candida auris ma da aka bayyana a 2009 daga kunnen wata mata a Japan, daga baya an gano shi cikin wani samfurin Koriya ta Kudu na 1996. Injinan gano yis, wato fangas mai ƙwaya ɗaya irin wannan, sun daɗe suna ba shi sunan Candida haemulonii. Sabon jinsi ya fi ɓuya a ƙarƙashin sunan wani fiye da ya fito ba suna. Ka kuma lura da canjin suna, kada ya ruɗe ka: Leptosphaeria senegalensis na tsofaffin littattafai, mai jawo baƙar ƙwaya a Afirka ta Yamma, shi ne Falciformispora senegalensis na yanzu, Madurella grisea kuma ya koma Trematosphaeria grisea.

In duk shaidu suka tsaya, raɗin suna yana da sharuɗɗa a kundin dokokin sunayen tsirrai da fangas na duniya, kuma rasa ɗaya yana ɓata sunan ko da binciken ya yi kyau. Dole a ware samfurin asali guda, a faɗi cibiyar da aka ajiye shi. Ko dai busasshen tsiro ne, ko wanda aka daskarar ya daina duk wani motsin rayuwa, kuma tun 1 ga Janairun 2019 sai an rubuta a fili cewa a wannan hali aka adana shi. Tsiron da ke girma a kwalba ba ya zama asali, jerin DNA kaɗai ma ba ya zama. Ana so a ajiye rayayyen tsiro a cibiyoyin ajiya biyu, kamar Cibiyar Westerdijk da ke Utrecht a Holan, don wasu su iya nema su gwada. Bayanin siffa da abin da ya bambanta shi da makusantansa a rubuta da Turanci ko Latin, tun 2012 aka daina tilasta Latin. Tun 1 ga Janairun 2013 kuma sai an yi wa sunan rajista a MycoBank, Index Fungorum ko Fungal Names, an sa lambar a cikin muƙalar. Jerin DNA a zuba a GenBank. Sunan kalma biyu ne, na dangi da na jinsi, da sigar Latin. Na wuri yakan ƙare da -ensis, kamar senegalensis ɗin nan. Ba a saba mutum ya sa sunan kansa ba, sunan mara lafiya kuwa ba a ko fara.

Kafin kwalba ta bar hannunka, a sami yardar mara lafiya bayan an yi masa bayani da Hausa, da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, hoto kuma na ƙafa kaɗai. In ƙasar waje za a kai, ƙa'idar binciken lafiya ta Najeriya ta tanadi rubutacciyar yarjejeniyar miƙa samfuri, kuma manyan cibiyoyin ajiya kan tambayi takardun da suka shafi yarjejeniyar Nagoya, ta ƙasa da ƙasa kan raba amfanin halittun da aka ɗebo daga wata ƙasa. A nan ne za a rubuta wa da wa za su fito a muƙala. A yi wannan magana tun ana dariya, domin wanda ya wanke ƙwaya ya yi gadin kwalba mako shida shi aka fi mantawa.

Wajen aikawa, kwalba mai murfin murɗawa za ka yi amfani da ita, ba faranti ba, faranti yana buɗewa a hanya kuma agar na bushewa. A naɗe ta da auduga mai yawan da zai shanye duk abin da ke ciki in ta fashe, a sa a gwangwani ko roba mai rufuwa gam, sannan a kwali mai ƙarfi da alamar UN3373, lambar da ake sa wa kayan gwaji masu iya ɗauke da cuta. Kada a sa ta a but ɗin mota ko gaban gilashin direba, rana za ta dafa ta kafin a kai Wudil. A jikin kwalbar lamba kawai za ka rubuta da fensir ko alƙalamin da ba ya gogewa. A takardar rakiya ka sa shekarun mara lafiya da sana'arsa, ƙaramar hukumar da yake noma da wuraren da ya taɓa zuwa cin rani, tsawon lokacin ciwon, launi da girman ƙwaya, ko daga tiyata aka ciro ta ko daga bakin ƙofa, ranar shuka, ranar da ta fara tsirowa, zafin da ma'auninka ya nuna, da ko ya riga ya fara shan magani kafin a ɗauki samfurin. Kwalba ɗaya daga cikin ukun nan kuma ta zauna a wurinka.